Dokokin Cocin Rum Daga Ƙarni na 13 Zuwa na 15: Ina Bincike Ya Kwana?

Nazarin tsofaffin dokokin Cocin Rum ya yi nisa ta wani ɓangare, ya kuma yi rauni ta wani. Abin mamaki, zamanin da ya fi barin littattafan hannu shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Tushen fannin shi ne kundin da malam Gratian ya tattara a birnin Bolonya na Italiya wajen 1140. A 1234 Paparoma Giregori na 9 ya fitar da Liber Extra, wato tarin hukunce-hukuncen paparomomi. Liber Sextus ya biyo baya a 1298, sai Clementinae a 1317. A kan waɗannan matanoni ne malamai suka yi ta ɗora sharhi da hashiya, irin su Johannes Andreae, wanda annoba ta kashe a 1348, da Panormitanus, wanda ya rasu a 1445.

A 1937 Stephan Kuttner ya wallafa jerin littattafan hannu na fannin, amma ya tsaya a kan 1140 zuwa 1234. Cibiyar da ya kafa a Amurka a 1955 ita ma nan ta fi karkata. Aikin ya haifi ɗa mai ido, domin a 2000 Anders Winroth ya nuna cewa wasu kwafe-kwafen Gratian da ake ɗauka taƙaitawa ce, ashe su ne zubin farko, wanda daga baya aka faɗaɗa.

Bayan 1234 kuwa, har yanzu manazarta ba su rabu da littafin Schulte na 1875 zuwa 1880 ba. Dalilin farko shi ne yawa. Liber Extra kaɗai ya wanzu cikin kwafi fiye da 600, kamar yadda ƙidayar Martin Bertram ta nuna. A jami'o'i, ana rarraba littafi kashi-kashi ana ba magatakarda haya, saboda haka kwafi guda kan fito daga tushe daban-daban, har gano salsalarsa ya gagara. Dalili na biyu shi ne sauƙi. An buga manyan sharhohin tun ƙarni na 15 da na 16, sai masu bincike suka wadatu da bugun, alhali maɗaba'a kan ɗauki kwafin da ya zo hannu ne, da kurakuransa da ƙare-ƙaren almajirai.

Illar wannan ba ƙarama ba ce. Da waɗannan littattafai aka yi shari'ar aure da riba da rantsuwa, da su kuma aka yi jayayya kan ikon Paparoma lokacin rabuwar coci daga 1378 zuwa 1417. Duk wanda ya jingina wa malami magana daga bugun da ba a tace ba, yana iya ɗora masa abin da bai faɗa ba. Hotunan kwafe-kwafen da ɗakunan karatu ke sakawa a intanet sun rage wahalar tafiya, amma gwama kwafi da kwafi, layi bayan layi, yana nan yana jiran masu yi.