Yadda littattafai suka taru a Samaru

1/ Ƴan uwana na Ikara, Maƙarfi da Kudan, ku matso kusa. Da yawanmu mun sha kujera a Laburaren Kashim Ibrahim na ABU, amma wa ya taɓa tambayar inda littattafan suka fito?

2/ Laburaren ya girmi jami'ar. Ya faro ne a 1955 a wani ɗan ɗaki na tsohuwar kwalejin Samaru, ABU kuwa sai 1962 aka buɗe ta. Katafaren ginin da muka sani na 1976 ne.

3/ Abin da ya fi burge ni: daga 1964, shirin binciken tarihin Arewa ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith ya riƙa bin gidajen malamai ana ɗaukar hoton tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami. Wato ba duka ilimin aka yo oda daga Ingila ba, wani daga zaurukan kakanninmu ya fito.

4/ Sai SAP na Babangida a 1986. Naira ta faɗi, littafin waje ya gagara saye, mujallun bincike suka daina zuwa jami'o'i. Ɗalibi ya koma ga handawut.

5/ Yajin aikin ASUU na 1992 ne ya haifar da asusun ETF a 1993, wanda ya zama TETFund a 2011. Yau shi ke ɗaukar kaso mai tsoka na sayen littattafan jami'o'in gwamnati, har da KASU da Gwamna Maƙarfi ya kafa a 2004.

6/ Shawarata: littafin kwas ɗinka in babu shi a kanta, rubuta sunansa ka miƙa wa ma'aikatan laburare ko shugaban sashenku. Da irin wannan jerin ake yin oda.