Buri da Ɓacin Rai a Littattafan Hausa na Farko

Tun kafin boko ya zo, waƙoƙin wa'azi na malaman Sakkwato a ƙarni na 19 sun riga sun koya wa Bahaushe cewa duniya budurwar wawa ce, tana yaudarar mai bin ta. Ƙagaggen labari na boko ya gaji wannan tunani, amma ya ɗora shi a kan mutane masu suna da gari. Abin ya faro ne a 1933, lokacin da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar rubuta labarai. Cikin shekara biyu da suka biyo baya aka buga littattafai biyar: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Kusan kowannensu labarin mutum ne da ya bar gida don neman wani abu da ya ƙwallafa wa rai.

Abubakar Imam ne ya fi tausaya wa tauraronsa. A Ruwan Bagaja, Alhaji Imam ya yi shekaru yana yawon neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya sha artabu da Malam Zurƙe, ya kuma dawo da ruwan. Yayan marubucin, Bello Kagara, bai yi wannan sassauci ba: Ganɗoki mayaƙi ne da ya kara da Turawa, ya yi gabas, ya shiga duniyar aljanu, sa'annan ya komo ya tarar zamanin takobi ya wuce. A Jiki Magayi na John Tafida da East kuwa, kowa ya sami abin da ya roƙa, kuma abin ya zame masa masifa. Malam Shehu ya raba Abubakar da Zainab don yana son haihuwa, ya sami ɗa Kyauta, Abubakar ya nemo asirin da ya lalata yaron, ƙarshe Kyauta ya zama ajalin ubansa.

Babu wanda ya kai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa nauyi. An sace Umar yana yaro, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, wanda ya riƙe shi kamar ɗa, ya ƙetare hamada da shi, ya ba shi ilmi. Sai dai zuciyar littafin uwar ce. Ta baro gida don neman ɗanta, aka ci amanarta, aka bautar da ita, ta bi ta Murzuk har Tarabulus. Ta ga ɗan nata da idonta, amma wahala ta riga ta cinye ta, ba ta jima ba ta rasu. Marubucin bai hana ta biyan buƙata ba, bai kuma bar ta ta more ba, kuma a nan gaskiyar littafin take, domin haka cinikin bayi ya yi wa dubban iyaye.

Mai karatu a Tanut ko Belbeji, a ƙasar Damargu, zai ji wannan labari a jikinsa. Babbar hanyar ayari daga Kano zuwa Tarabulus ta ratsa Damagaram da Damargu da Abzin, kuma geron Damargu ne ke ciyar da Buzaye masu raƙuma. Ta Damargu matafiyi Heinrich Barth ya gangaro a Janairun 1851 kafin ya isa Katsina da Kano. Guguwar rairayin da ta binne ayarin Umar a hanyarsa ta dawowa ba baƙon abu ba ne ga mutanen da ke bakin hamada.

Adabin Sifaniya na ƙarni na 16 da 17 ya daɗe yana juya wannan batu na buri da ɓacin rai. A Lazarillo de Tormes (1554), yaro mayunwaci ya kama aiki wurin wani mai tsaf da tufafi yana zaton ya huta, ashe shi zai riƙa bara yana ciyar da maigidan. Don Kihote na Cervantes, wanda ya fito kashi biyu a 1605 da 1615, ya fita gyara duniya da mashi, ya dawo ya yi tir da littattafan jarumtar da suka ruɗe shi, ya mutu a kan gadonsa. Ɗan'uwan Ganɗoki ne a wajen makara da zamani. Bambancin shi ne, tauraron Sifaniya yakan farka ya gane ruɗu ne ya ja shi, shi kuwa Umar ba a kan ruɗu ya dogara ba. Ya yi rashi na gaske, ya karɓe shi a matsayin ƙaddara, ya zauna a Rauta kusa da Bauchi yana karantar da almajirai, kuma su ne yake ba labarin.

Littafin Shaihu Umar ya ci gaba da tafiya bayan an kashe marubucinsa a juyin mulkin Janairun 1966. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa da Hausa a 1976.