Daga Dokin Barde zuwa Jirgi Mai Saukar Ungulu

Tun zamanin Malam Ibrahim Zaki, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ya kafa Katagum kuma ya kai yaƙi har Birnin Gazargamu, ƙasar Katagum ba ta karrama jarumi a ɓoye. Sarki kan ba shi doki da riga, a naɗa shi Barde ko Jarmai, maroƙa su yi masa kirari yana ji da kunnensa. Kan iyaka da Borno ake zaune, dole matasa su ga abin da tsayuwar daka take jawowa. Da fada ta koma Azare a 1916, sarautun sun biyo ta, amma takobi ya koma kube.

Azaren nan ce ta haifi Sadique Abubakar, matuƙin jirgi mai saukar ungulu da ya shugabanci sojojin sama daga 2015 zuwa 2021. A zamaninsa, cikin 2019, Tolulope Arotile ta zama mace ta farko a Najeriya mai tuƙa irin wannan jirgin yaƙi, ta fafata da 'yan bindiga a Jihar Neja. Wasu za su ce mai harbi daga sama bai kai barden da ke haɗa ƙirji da mashi ba. Ban yarda ba. Jirgin nan ƙasa-ƙasa yake tafiya, inda harsashi ke cim masa, kuma shi ake turawa ɗauko masu rauni. A irin wannan aiki ne ɗaya ya faɗi kusa da Chukuba, a Shiroro, cikin Agustan 2023. Matuƙansa sun cancanci a kira sunayensu a bainar jama'a, yadda Katagum ta saba yi wa baradenta.