Mudu Nawa Aka Auna Dajin Birnin Gwari da Shi?

A shekarar 1826 Baturen nan Hugh Clapperton ya ratsa ta Birnin Gwari kan hanyarsa ta zuwa Zariya da Kano. Garin da ya gani shi ne wanda muke kira Tsohon Birni a yau, gari mai ganuwa a kan hanyar fatake da ta haɗa ƙasar Hausa da Nupe. A wancan zamani ba a wahala wajen gane darajar gari: a dubi ganuwarsa, a dubi cikar kasuwarsa, a dubi ayarin da ke yada zango a cikinsa. Dajin da ke kewaye kuwa kowa da irin awon da yake masa. Maharbi yana duba sawun gwanki da ɓauna, manomi yana duba inda ɗorawa da kaɗanya suka yi kyau, makiyayi yana duba mashaya da ko akwai ƙudan tsando.

Daga nan sai yaƙi ya zo. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19, Umaru Nagwamatse da ɗansa Ibrahim na Kwantagora suka yi ta kai farmakin kamen bayi a ƙasashen Gwari da Kamuku. Garuruwa suka watse, gonaki suka koma saura, saura ta koma kurmi. Turawa sun ci Kwantagora a 1901, kuma ƙasar da suka tarar a wannan yanki ƙasa ce mai yalwa da ƙarancin mutane. A nan ne labarin awo ya fara ɗaukar wani salo, domin sababbin masu mulkin sun zo da ma'auninsu a rubuce, kowane ofishi da nasa.

Ofishin haraji ne ya fara. Bayan dokar haraji ta Lugga ta 1906, aka riƙa tura jami'ai gunduma-gunduma suna rubuta rahoton ƙiyasi: magidanta nawa, gona nawa, dami nawa, shanu nawa. A Kano da Katsina har aka fito da tsarin taki, inda malamai ke auna faɗin gona da takun ƙafa a yanka haraji a kai. Ga Fulani kuwa jangali ne, kuɗi a kan kowace saniya. Tsarin yana da kyau a takarda. Amma da zarar mutum ya san da abin da ake auna shi, sai ya san abin da zai ɓoye. Lokacin jangali na kamawa, garke ya nausa daji, a bar 'yan kaɗan a ruga don mai ƙirga ya samu abin rubutawa. Ashe dajin da littafin haraji ya ɗauka fanko ne, shi ne ma'ajiyar abin da littafin ya rasa. Sai a 1979 gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a jihar Kaduna. A cikin waɗannan shekarun ne, a 1975, wani masanin tattalin arziki a Ingila, Charles Goodhart, ya bayyana irin wannan hali, cewa ma'auni yakan lalace idan aka mayar da shi abin da ake hukunci da shi. Makiyayanmu sun riga shi sani da shekaru masu yawa. Mu masu rubuta manhajar kwamfuta ma mun san shi: a ce za a biya mutum bisa yawan layukan da ya rubuta, gobe za a wayi gari da layuka dubu marasa amfani.

Ma'auni na biyu na masu ma'adinai ne. Duwatsun Tsohon Birnin Gwari suna ɗauke da zinariya, kuma da farashinta ya tashi bayan Ingila ta daina jingina kuɗinta da zinariya a 1931, haƙa ya bunƙasa a wannan yanki. Tambayar mai ma'adinai ɗaya ce tak: a tan guda na dutse, zinariya nawa za ta fito? Ko rafi ya gurɓace ko gona ta rufta, wannan ba ya cikin lissafinsa.

Na uku shi ne na malaman daji, kuma shi ya fi daɗewa yana aiki a kanmu. Ƙarƙashin dokar gandun daji da Turawa suka kafa tun 1916, aka keɓe dajin Birnin Gwari a 1936 a matsayin gandun En'e. Abin da malamin daji ke nema shi ne ƙasa mai itatuwa, doka da maje da maɗaci, wadda ba ta da mutane da yawa da za su yi jayayya. Dajin ya cika sharaɗin. Sai dai sharaɗin bai tambayi dalilin rashin mutanen ba. A ganinmu wannan shi ne babban giɓin awon: an ɗauki tabon yaƙin jiya a matsayin halittar wurin, aka shata iyaka a kansa. Jikokin waɗanda suka gudu da suka yawaita, sun tarar da wasu kufai a cikin layin da ba a shiga da gatari.

Daga baya aka ƙara wa dajin girma. A 1999 ya zama Gandun Ƙasa na Kamuku, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 1,120, yana maƙwabtaka da dajin Kuyambana na Zamfara. Yanzu kuma sai ma'aunin duniya ya shigo: nau'in tsuntsaye nawa, giwaye suna ratsawa ko sun daina, wane rukuni na wuraren kariya ya dace da shi. Ƙungiyar BirdLife ta sanya shi cikin muhimman wuraren tsuntsaye. Ba mu raina wannan ba, don kuwa ba don shi ba da tuni gawayi ya cinye doka. Amma babu layi a fom ɗin da ke tambayar ma'aikata nawa ke tsaron wannan faɗi, ko wa ke kwana a ciki.

Waɗanda suka kwana a ciki mun san su. Ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane suka mayar da Kamuku da Kuyambana sansani, hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta zama abin tsoro. A watan Mayun 2018 an kashe mutane fiye da 40 a ƙauyen Gwaska a hari ɗaya. Abin takaici, su ma da nasu ƙiyasin suka zo: sukan yanka wa ƙauye kuɗi kafin a yi shuka, su sake yankawa kafin girbi. Harajin da gwamnati ta soke ya dawo da bindiga, kuma wannan karon babu dajin da za a ɓoye masa, tunda mai karɓar a dajin yake.

A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, aka yi sulhu da wasu daga cikin 'yan bindigar, aka sake buɗe kasuwar shanu da ta daɗe a rufe. Tun daga nan muhawara ta koma kan yadda za a gane ko sulhun ya yi aiki. Gwamnati tana nuna motocin shanu da hatsi da ke fita daga kasuwa, da matafiya da ke bin hanya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya yi shekaru yana zagaye. Amma mota abu ce mai sauƙin ƙirgawa, a bakin titi take. Akwai abubuwan da sai an bar kwalta ake iya ƙirga su: ƙauyuka nawa mutanensu suka koma suka kwana, makarantun firamare nawa malamansu suka dawo, bindigogi nawa aka miƙa, manoma nawa suka kai dami gida bana ba tare da sun biya kowa ba. Su wa za a tura su yi wannan ƙirgar, kuma manomin da ke maƙwabtaka da wanda ya tuba jiya zai iya faɗa musu gaskiya?