Tsufan Ɗan Doka da Mai Gadin Daji a Ƙasar Sakkwato

Wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Jega zai ratsa ƙasar Tambuwal, garin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna. A wannan yanki Sanyinna ta ke, Kebbe kuwa tana kudu, inda daji ya fi kauri. Tun zamanin da, mutanen waɗannan wurare sun san ma'aikata iri biyu, watau mai tsare mutane da mai tsare daji. Dukansu biyu ƙarfinsu su ke sayarwa, ƙarfi kuwa ba ya tabbata. To, wa ke ciyad da su in tsufa ya zo?

Kafin zuwan Turawa dogarai ke kama mai laifi, su kai saƙo, su tsare fada. Dogari ba ya da albashi, amma ci da sha da sutura suna wuyan ubangidansa. In ya tsufa ba a korarsa, sai ya zauna a zaure, a riƙa aiko masa da hatsi in an yi kaka. Wannan tanadi yana da kyau, amma yana da aibi guda, don ba a rubuce ya ke ba. In ubangida ya rasu, ko aka tuɓe shi, sai tsohon bara ya rasa madafa.

Turawa suka ci Sakkwato cikin watan Maris 1903. Ba a daɗe ba suka kafa Baitulmali a ƙasashen sarakuna, aka yanka wa hakimai da alƙalai da dogarai albashi daga kuɗin haraji da jangali. Cikin shekarun 1920 aka fara kafa 'yan gadi da 'yan doka na En'e, masu kayan sarki da horon fareti. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ma, kafin a naɗa shi cikin 1938, ya kula da 'yan dokan Sakkwato sa'ad da ya ke Sardauna. Ban da waɗannan akwai 'yan sandan Gwamnati, waɗanda aka haɗa na Arewa da na Kudu suka zama runduna guda cikin 1930.

Sha'anin daji kuma haka ya bi. Cikin 1916 aka yi dokar gandun daji da ta kiyaye namun daji, En'e ta keɓe dazuzzuka, ta ɗauki malaman daji da masu gadi, su hana saran itace da cinna wuta da farauta ba da izini ba. Gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe Yankari cikin 1956, ta kuma yi tata dokar namun daji cikin 1963. Aikin mai gadin daji ba sauƙi gare shi ba, don a ƙasa ya ke yawo, shi kaɗai ko su biyu, wanda zai kama kuwa yakan riƙe baka ko bindigar toka.

Da albashi ya shigo, sai zauren ubangida ya kasa ɗaukar tsofaffin ma'aikata, dole aka nemi wata dabara, ita ce fansho da garatuti. Garatuti kuɗi ne da a ke ba mutum a dunƙule ran da ya ajiye aiki, fansho kuwa shi ne abin da a ke biyansa wata wata har ƙarshen ransa. Dokar fansho ta 1951 ta tsara wannan ga ma'aikatan Gwamnati, aka mai da farkon aikinta baya zuwa 1 ga Janairu 1946.

Bayan juyin mulkin 1966 soja suka yanke shawara a karɓe 'yan doka daga hannun sarakuna. Zuwa 1970 an zuba waɗanda suka cancanta cikin 'yan sandan Nijeriya, saura aka sallame su. Daga nan hanyar ma'aikatan nan biyu ta rabu. Ɗan sanda ya zama na Tarayya, ko da a Sanyinna ya ke aiki. Mai gadin gandun daji kuwa ya zauna hannun jiha, watau Jihar Arewa maso Yamma daga 1967, sa'an nan Jihar Sakkwato daga 1976. Saboda haka ba asusu ɗaya ke biyansu ba.

Doka mai lamba 102 ta 1979 ta haɗa ƙa'idodin fansho wuri guda. A wannan tsari ba a cire kome daga albashin ma'aikaci. In ya cika shekara 35 yana aiki, ko ya kai shekara 60 da haihuwa, sai a dubi albashinsa na ƙarshe da yawan shekarun aikinsa a yanka masa rabonsa. Amma ba wani rumbu da aka tara kuɗin a ciki, daga kasafin kowace shekara a ke ɗiba. In shekara ta zo da ƙunci, tsofaffi ne na ƙarshen layi, har bashinsu ya taru ya yi yawa.

Don maganin wannan aka yi sabuwar doka cikin 2004, zamanin Shugaba Obasanjo, aka buɗe wa kowane ma'aikacin Tarayya asusunsa na kansa. Gyaran 2014 ya ce ma'aikaci ya zuba 8 cikin 100 na albashinsa, mai aikin ya ƙara 10. Misali, in albashin da a ke lissafi a kansa naira 100,000 ne, kowane wata za a ajiye 18,000, a juya su, su yi riba. Abin da mutum ya tara shi zai ci. Illar abin ga ƙaramin ɗan sanda ita ce, ƙaramin albashi ƙaramin tari ya ke haifarwa.

Cikin 2011 aka fid da soja daga wannan tsari, aka bar 'yan sanda, abin ya yi musu ciwo. Ana cikin haka sai asirin ɓarna ya tonu a ofishin fanshon 'yan sanda na tsohon tsari. Cikin 2013 kotu ta kama wani babban ma'aikaci, John Yakubu Yusuf, da laifi, ta ci shi tarar naira 750,000 kurum, jama'a suka yi ta surutu, har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ɗaure shi shekara shida cikin 2018. Cikin 2025 tsofaffin 'yan sanda suka yi zanga-zanga a Abuja, suna neman a fid da su kamar yadda aka fid da soja.

Yau dajin da a da a ke tsarewa don itace da namun daji ya zama maɓoyar 'yan bindiga a wurare da yawa na Arewa maso Yamma. Jihar Sakkwato ta kafa rundunar tsaron al'umma cikin 2024, Gwamnatin Tarayya kuma ta amince da ɗaukar sababbin masu gadin daji cikin 2025. Samari ne ke shiga, amma su ma tsufa na jiransu, waɗansu kuwa za su bar marayu.

Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 173 da na 210, ya ce fansho haƙƙi ne, kuma a riƙa duba shi kowace shekara biyar. Don haka wanda ya ke da ɗa ko ƙane a wannan aiki, ya kamata ya karanta takardar ɗaukarsa, ya ga ko an ambaci fansho, da wanda zai biya, da sunan magajin da aka rubuta. Ya kuma adana takardun inda gara ba za ta ci ba. Dogarin da alkawarin baki ya dogara, na yau kuwa ba abin da zai tsaya masa ran tsufa sai abin da ke rubuce. Allah ya sa a gama lafiya.