Zanen Aro: Tasowa da Dusashewar Kwamfutocin Hackintosh

Gabatarwa

Kowace kwamfuta abu biyu ce a haɗe, kamar jiki da rai. Akwai ƙarfen da ido ke gani, akwai kuma babbar manhajar da ke sarrafa shi. Galibin kwamfutocin duniya kamfani ɗaya ne ke ƙera jikinsu, wani daban ya samar da ran, kamar yadda Microsoft ke sayar da Windows ga duk mai so. Kamfanin Apple na Amurka kuwa ya zaɓi ya ɗaure biyun wuri guda, ya ce ba a yarda manhajarsa ta zauna a kan wata na'ura ba sai wadda ke ɗauke da tambarinsa. Daga wannan sharaɗi ne aka sami wasu mutane da ke sayen kayan kwamfuta ɗai-ɗai a kasuwa, su haɗa da hannunsu, sannan su lallaɓa manhajar Apple ta zauna a ciki. Irin wannan na'ura ita ake kira Hackintosh, suna da aka ƙera daga kalmar Ingilishi mai nufin kutse da kuma sunan Macintosh. Wannan maƙala za ta bi sawun al'adar tun daga tushenta, domin a ƙarƙashinta akwai tambayar da ta shafi kowa: wanda ya biya kuɗi ya sayi abu, ina iyakar ikonsa a kan abin?

Tushen Rigimar

Abin lura shi ne, Apple kansa a hannun masu haɗe-haɗe ya tashi. Kwamfutarsa ta farko, Apple I, wadda Steve Wozniak ya tsara aka kuma fara sayarwa a 1976, allo ce kawai mai ɗauke da kayan lantarki. Mai saye shi zai nemo akwati da madannai da abin kallo ya haɗa. Amma Hausawa sun ce wanzami ba ya son jarfa. Da kamfanin ya bunƙasa, wani kamfani mai suna Franklin ya kwafi manhajar da ke cikin Apple II ya sa a tasa na'urar, sai Apple ya kai ƙara. A 1983 kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta yanke cewa dokar haƙƙin mallaka ta shafi manhaja ko da an dasa ta a cikin ƙwayar lantarki. Wannan hukunci ya zama garkuwar Apple na shekaru masu yawa.

A ɗaya ɓangaren, IBM ya fitar da tasa kwamfutar a 1981, ya haɗa ta da kayan da kowa zai iya saye: masarrafi, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, daga Intel, manhaja kuma daga Microsoft. Ba a daɗe ba kamfanoni irin su Compaq suka gano yadda za su kwaikwayi aikinta ba tare da keta doka ba. Kasuwa ta cika da kwamfutoci masu jituwa da juna, farashi ya faɗi, IBM kuma ya rasa ragamar abin da ya ƙirƙira. Apple ya ga wannan, ya ɗauki darasi. Da ya fitar da Macintosh a ranar 24 ga Janairu, 1984, sai ya dasa muhimmin ɓangare na manhajarta a cikin ƙwayoyin da shi kaɗai ke da ikon bugawa.

Duk da haka masu dabara ba su haƙura ba. A 1986 wani injiniya, David Small, ya fitar da Magic Sac, wata na'ura da ake cusa wa ƙwayoyin Macintosh na asali a jona ta da kwamfutar Atari ST, sai ta riƙa aiki kamar Macintosh. A Barazil kuma kamfanin Unitron ya ƙera kwaikwayon Macintosh sukutum, amma matsin lambar kasuwanci daga gwamnatin Amurka ya sa hukumomin ƙasar suka hana shi shiga kasuwa.

Ƙofar da Aka Buɗe Aka Rufe

Sau ɗaya tak Apple ya buɗe ƙofa da kansa. A tsakiyar shekarun 1990, ganin yadda Windows ke mamaye duniya, ya ba wasu kamfanoni lasisin ƙera kwamfutoci masu amfani da manhajarsa. Daga 1995 Power Computing da Radius suka shigo, daga baya Motorola da UMAX suka biyo. Fatan shi ne su jawo sababbin masu saye. Abin da ya faru kuwa, tsofaffin abokan cinikin Apple ne suka riƙa komawa wurinsu, domin na'urorinsu sun fi araha, wasu ma sun fi sauri. Apple na karɓar ɗan kuɗin lasisi, yana asarar ribar na'ura guda.

Da Steve Jobs ya dawo kamfanin, bayan an sayi kamfaninsa na NeXT a ƙarshen 1996, ya iske gida na yoyo, domin a shekarar kuɗi ta 1997 asarar Apple ta haura dala biliyan 1. Lasisin da aka bayar ya tsaya ne a kan zubi na 7 na manhajar, saboda haka da sabon zubi ya fito a Yulin 1997 da sunan Mac OS 8, sai masu lasisi suka tsinci kansu a waje. A Satumba na shekarar Apple ya sayi harkar Macintosh ta Power Computing a kan dala miliyan 100. UMAX ya ɗan jure zuwa 1998, daga nan ƙofa ta rufe.

Shekarar 2005

Muddin Macintosh na amfani da masarrafin PowerPC, kwamfutocin kasuwa kuma na amfani da na Intel, ba a buƙatar mai gadi, domin harsunan na'urorin biyu sun bambanta. Amma PowerPC G5 ya zo da zafi da cin wuta, har aka kasa sa shi a kwamfutar tafi-da-gidanka. A ranar 6 ga Yuni, 2005, Jobs ya sanar cewa Apple zai koma Intel. Ya kuma bayyana cewa shekara biyar ke nan ana gina kowane zubi na Mac OS X a asirce yadda zai iya aiki a kan Intel. Hakan bai zo da wuya ba, tun da NeXTSTEP, wadda ita ce uwar Mac OS X, ta riga ta yi aiki a kan Intel tun 1993.

Domin masu rubuta manhajoji su shirya, Apple ya ba su hayar wata na'urar gwaji a kan dala 999. A waje akwatin Power Mac G5 ne, a ciki kuwa Pentium 4 ne irin na kowa. Kafin damina ta wuce, kwafin manhajar ya sulale, masu kutse suka tsallake makullinta, aka fara ganin ta a kan kwamfutocin da ba na Apple ba. Sa'ad da Macintosh na farko masu Intel suka fito a Janairun 2006, bambancinsu da sauran kwamfutoci ya koma 'yan abubuwa ƙalilan. A Afrilu na wannan shekara Apple ya fitar da Boot Camp, wadda ke ba mai Macintosh damar ɗora Windows. Jama'a suka ce, in hanya ta buɗe zuwa can, me zai hana ta buɗe zuwa nan?

Yadda Ake Haɗa Ta

Shingayen da suka rage uku ne. Na farko, Macintosh na tashi ne da wani tsari mai suna EFI, alhali kwamfutocin kasuwa na wancan lokaci na tashi da tsohon tsarin BIOS. Na biyu, a cikin kowace Macintosh akwai wata ƙwaya mai suna SMC, wadda ke kula da fanka da wuta, tana kuma riƙe da mabuɗin da ake warware wasu sassan manhajar da shi. In babu mabuɗin, manhaja ba za ta kammala tashi ba. Na uku, Apple bai rubuta direbobi ba, wato ƙananan manhajojin da ke yi wa kayan na'ura tafinta, sai don kayan da shi kansa ke amfani da su.

Da farko masu kutse kan farke manhajar ne su sauya cikinta, amma duk sabuntawar da Apple ya turo sai ta rushe aikin. Daga baya suka gane cewa ya fi sauƙi a bar manhaja yadda take, a yi wa na'urar shigar burtu. Aka ƙirƙiro manhajojin tayarwa, Chameleon da farko, sai Clover, sai OpenCore a 2019. Aikinsu shi ne su riga babbar manhaja tashi, su gabatar mata da na'urar da sunan wata Macintosh da ta sani. FakeSMC, daga baya VirtualSMC, suka ɗauki aikin kwaikwayon ƙwayar nan mai mabuɗi.

Shinge na uku shi ya sauya yadda ake sayayya. Mai haɗa kwamfutar Windows yakan duba aljihunsa ya sayi abin da ya fi ƙarfi. Mai haɗa Hackintosh kuwa sai ya fara duba abin da Apple ya taɓa sawa a nasa na'urorin. Shi ya sa aka fi neman masarrafan Intel, da allunan Gigabyte, da katunan sadarwa na Broadcom. Waɗanda suka zuba kuɗi a sababbin katunan hoto na Nvidia sun ji a jikinsu a 2018, lokacin da zubin Mojave ya fito babu direbobinsu, dole suka koma katunan AMD. 'Yancin da ake taƙama da shi, ashe, yana tafiya ne a cikin da'irar da Apple ya zana.

Shari'ar Psystar

A Afrilun 2008 wani ƙaramin kamfani a Miami ta jihar Fulorida, mai suna Psystar, ya fara tallar kwamfuta daga dala 399, wadda za a iya ɗora wa Mac OS X kafin a aiko ta. A Yuli Apple ya kai ƙara. Hujjar Psystar ita ce, faya-fayen manhajar sayen su ya yi da kuɗinsa, kuma wanda ya sayi littafi yana da ikon sayar da shi ga wanda ya ga dama. A Nuwamban 2009 Mai Shari'a William Alsup ya yi watsi da wannan hujja. Ya samu Psystar da laifin keta haƙƙin mallaka da kuma karya makullin manhaja, abin da dokar Amurka ta 1998 ta haramta. Kamfanin ya amince da biyan kusan dala miliyan 2.7, aka kuma hana shi wannan sana'a har abada. A 2011 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin, ta nuna cewa Apple lasisin amfani yake bayarwa, bai sayar da manhajar ba. A 2012 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar.

Ma'anar hukuncin ita ce, mai riƙe da faifai ɗan haya ne, ko da rasidin saye na aljihunsa. Sai dai Apple ya tsaya a kan masu neman riba, ya kawar da kai daga ɗaiɗaikun masu haɗawa a ɗakunansu.

Dalilan Masu Yi

Ba duka masu wannan aiki ne marowata ko ɓarayin zaune ba. Wasu sha'awar warware matsala ce ke jan su. Wasu kuwa sana'a ce ta tilasta musu. Tun da aka buɗe App Store a 2008, galibin masu son rubuta manhajar iPhone suna buƙatar Xcode, ita kuma ba ta aiki sai a kan manhajar Macintosh. Ga ɗalibin da ke Kano ko Damagaram, wanda zai canza kuɗin ƙasarsa zuwa dala, wannan sharaɗi katanga ce tsakaninsa da wata babbar kasuwa. Rashin uwa, in ji Hausawa, kan sa a yi uwar ɗaki.

Akwai kuma ƙwararrun masu tace fim da sauti. A 2013 Apple ya fitar da Mac Pro mai siffar tulu, wadda ba a iya sauya mata katin hoto da na kasuwa, ya kuma bar ta shekaru babu sabon zubi. A Afrilun 2017 shugabannin kamfanin suka amsa a gaban 'yan jarida cewa tsarin ya takura su ta fuskar zafi. Magajiyarta ba ta fito ba sai 2019, farashinta kuma ya fara daga dala 5,999. A tsakanin waɗannan shekaru Hackintosh ta kai ƙololuwarta, domin tana ba mutane abin da Apple ya ƙi sayar musu: akwatin da za su buɗe, su ƙara, su rage.

Faɗuwar Rana

Abin da lauyoyi ba su iya kawarwa ba, injiniyoyi sun kawar. A ranar 22 ga Yuni, 2020, Apple ya sanar cewa zai bar Intel ya koma masarrafan da yake tsarawa da kansa, a Nuwamba kuma M1 ya fito. Wannan masarrafi ba a sayar da shi a kasuwa, harshensa kuma ba na Intel ba ne. A Yunin 2023 aka daina sayar da Macintosh ta ƙarshe mai Intel. A Yunin 2025 kamfanin ya bayyana cewa macOS 26, mai laƙabin Tahoe, ita ce zubi na ƙarshe da zai yi aiki a kan Intel. Na'urorin da aka haɗa za su ci gaba da tashi, amma sababbin manhajoji za su riƙa wuce su ɗaya bayan ɗaya.

Kammalawa

Zanen aro ba ya rufe katara. Hackintosh ta rayu kimanin shekara ashirin a kan wata dama da Apple ya bayar ba da niyya ba, ta kuma soma dusashewa ranar da ya janye ta. Amma ilimin da aka tara bai tafi a banza ba. Daga OpenCore aka samar da OpenCore Legacy Patcher, wadda ke ba tsofaffin Macintosh na asali, waɗanda Apple ya daina kula da su, damar ɗaukar sababbin zubin manhaja, maimakon a jefar da su bola da sauran ƙarfinsu. Dabarar da aka ƙirƙira don baƙo, ga ta tana ceton 'yan gida.

Tambayar da Psystar ya faɗi a kanta kuwa tana nan ba ta mutu ba. Yau waya da mota da injin noma duk manhaja ce ke tafiyar da su, kuma manoma da makanikai a ƙasashe da dama na fafutukar samun 'yancin gyara abin da suka saya. Tarihin Hackintosh ya nuna cewa wanda ke riƙe da mabuɗin manhaja shi ke yanke tsawon rayuwar na'ura, ko da wani ne ya biya kuɗinta.