Masana'antu sun mutu, dafinsu na nan a ƙasa

Saurayin da ya taso daga Kankiya ko Kusada ya kama hanyar Kano a shekarun 1970, ba Kantin Kwari kaɗai yake hari ba. Akwai Bompai, wadda aka keɓe wa masana'antu tun zamanin Turawa, sannan Sharaɗa da Challawa suka biyo baya. Masaƙu, kamfanonin roba, na alewa, na sabulu, da majemun zamani, duk suna ɗaukar leburori. Mutum ya yi wata ya karɓi albashi, ya aika gida a sayi taki. Ba wanda ya tambayi inda baƙin ruwan da ke fita ta bayan katanga yake zuwa.

Jima tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Fatar jan akuyar Sakkwato da majeman Kano suka gyara ta keta Sahara, har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko. Amma majemin gargajiya da bagaruwa da toka yake aiki, abubuwan da ƙasa ke cinyewa. Majemar zamani kuwa da sinadarin kuromiyom take jima, domin yana gama aikin cikin kwana ɗaya ko biyu. Shi ƙarfe ne, ba ya ruɓewa. Baƙin ruwan masana'antun Bompai yana bin rafin Getsi ya faɗa Jakara har madatsar Wasai, inda manoman rani ke ban ruwan latas da kabeji da alayyahu. Na Sharaɗa da Challawa kuma yana gangarawa kogin Challawa, wanda Kanawa ke sha daga gare shi.

Daga 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP, naira ta faɗi, kayan gyara suka yi tsada, wutar NEPA ta zama sai an ga dama, atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa. Kamfanoni suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. A Kaduna, masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta tsaya a 2002, UNTL ta bi ta a 2007, unguwar Kakuri ta yi tsit. A Kano, gine-gine da yawa sun koma rumbunan ajiye kaya, gari kuma ya ci gaba da matsowa har ya kewaye wuraren da a da suke bayan gari.

An yi kukan ayyukan da aka rasa, kuma kukan yana kan hanya. Abin da ba a cika magana a kai ba shi ne ƙasar da aka bari. Galibin waɗannan masana'antu an gina su ne kafin Najeriya ta yi dokar muhalli mai ƙarfi. Sai da aka jibge sharar guba daga Italiya a garin Koko a 1988 sannan aka kafa hukumar FEPA. Dokar auna illar aiki ga muhalli ta zo a 1992, hukumar NESREA kuma a 2007. Kafin nan dafin ya riga ya shiga ƙasa, masu kamfanoni da yawa sun tattara sun tafi.

To, ana iya wanke ƙasa? Zamfara ta ba da amsa, amma da tsada mai ciwo. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Duwatsun zinare da ake niƙawa a tsakar gida suna ɗauke da dalma, ƙurar ta bi ƙasa, yara masu rarrafe suna kai hannu baki. Fiye da yara 400 suka rasu. Likitoci suka ce ba amfanin ba yaro magani ya koma ya zauna kan ƙasar da ta sa masa cutar, dole a fara gyara gidan.

Aikin da kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith suka jagoranta ba na manyan injuna ba ne. Ana auna ƙasa da 'yar na'urar hannu, ɗaki ɗaki, tsakar gida, bakin rijiya. Inda dalma ta yi yawa, matasan garin su kankare saman ƙasar da fartanya, su zuba a buhu, a kai wani rami da aka tanada a binne. Sai a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa, a sake aunawa. Haka aka yi a Dareta da 'Yargalma da Abare da sauransu a 2010 da 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, ta yi ta jiran kuɗi har 2013, bayan matasa irin su Hamzat Lawal sun matsa wa gwamnatin Jonathan lamba ta saki abin da ta yi alkawari. Wannan jinkirin abin kunya ne, domin kowane wata na jira yara ne suka biya shi da jininsu.

Kankiya ba Sharaɗa ba ce, amma tana da tsohon kamfaninta na sarrafa ƙarafa da ya shafe shekaru a rufe. A kowane gari da ke kan babbar hanya kuma akwai garejin makanikai da baƙin mai ya jiƙe, da masu fasa tsohon batirin mota, da 'yan gwangwan masu ƙona waya don cire tagulla. Idan gari ya faɗaɗa, irin waɗannan filaye ake yankawa fuloti, a gina gida ko Islamiyya, a haƙa rijiya.

Makarantar koyon fasahar lafiya ta Kankiya tana yaye ma'aikatan duba-gari. Ya kamata gwamnatin Katsina ta saya musu na'urar auna ƙasa, ta koya musu aiki da ita. Shugabannin ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada, da hakimai da dagatai masu shaida cinikin fili, kada su sa hannu a raba tsohon filin masana'anta ko gareji sai an auna ƙasarsa da ruwan rijiyar da ke kusa.